Azumin da Injin Surfani Ya Tsaya

Tun shekaranjiya ake ruwa a Yawunde, irin ruwan nan na watan tara da ba ya zuba ya wuce, sai dai ya zauna. Yau da safe na je wani ofis a unguwar Messa na ɗora musu sabon serveur, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogara da ita. Layi ɗaya na buga, na'urar ta shiga intanet da kanta, ta nemo duk abin da take bukata ta jera, kafin shayin da suka ba ni ya huce an gama. Da na fito na tsaya bakin ƙofa ina jiran ruwan ya tsagaita, sai wata mata ta raɓa ni da ƙullin shadda a ka, ya jiƙe. Warin sitaci da danshi ya buge ni, nan take na koma shagon Yaya Sale, azumin shekarar tsadar abinci.

Shekarar ce aka yi tarzoma a farkonta saboda tsada. Tarzomar ta lafa, tsadar ba ta lafa ba. Shinkafa ta zama abin da ake aunawa da kofi, mai da sabulu sai a ƙulle a leda, azumi kuma ya faɗo tsakiyar damina. Shagonmu yana nan unguwar Birik, a gangaren da ke sauka wajen unguwar Ekoudou, ɗaki ɗaya mai rufin kwano da Yaya Sale ya gada daga mahaifinmu. Aikinmu surfani, wato ado a wuya da ƙirjin riga. Abin da aka samu a watan azumi shi ake ci har tsakiyar shekara mai zuwa.

Shekara biyu kafin nan na gama koyon kwamfuta, kaina cike da dabaru. Ni na matsa wa Yaya har ya sayar da kekunan surfani uku na Baba ya sayi injin surfani na kwamfuta, na gwanjo, mai kai biyu. Ni da wani abokina Mahamat, ɗalibi ɗan Chadi, muka haɗa masa wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin yanka. Ita muke kira serveur. A cikinta muka zuba duk zanen da Baba ya bari a takarda, aska biyu, aska takwas, da sababbin da na zana, ita kuma tana tura su ta waya zuwa injin. Shekara biyu tana aiki, ban taɓa rubuta yadda muka haɗa ta ba. Ina ganin ai yana kaina.

Ran tara ga azumi, bayan la'asar, hadari ya haɗu ta wajen kasuwar Mokolo. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Batirin onduleur ɗinmu, na'urar da ke kare kwamfuta daga hawa da saukar wuta, ya daɗe da mutuwa, kuma a shekarar da ake auna shinkafa da kofi ba wanda ya yi maganar sabo. Na ji ƙauri daga ƙarƙashin tebur, injin ya tsaya da allura a tsakiyar ƙirjin wata farar riga. A lokacin shadda ta cika kantar shagon har rufi, kowane ƙulli da sunan mai shi a takarda.

Yaya ya tambaye ni kwana nawa gyaran zai ci. Na ce kwana biyu.

Diskin serveur ɗin ne ya ƙone. Washegari na ba da wayata a Mokolo na karɓi tsohon diski a madadinta. Zanen kansu ba su ɓata ba, ina da kwafi a clé, ɗan ma'ajin nan na USB, wannan ya kwantar mini da hankali fiye da yadda ya kamata. Matsalar ita ce faifan da ake ɗora wa kwamfuta tsarin da take tashi da shi. Mahamat ya koma ƙasarsu da cikakkun faifan Linux ɗin da muka yi aiki da su, lambarsa kuma ba ta shiga. Abin da na samu a akwatina ƙaramin faifai ne guda, sabon fitowa, wanda ake ɗora tsarin tsirara da shi. Ba hoto, ba linzami, baƙin allo ne kawai da farin rubutu yana jiran umarni. Duk wani abu da kake so sai ka kawo masa.

Abu biyu nake bukata. Na farko rumbu, wato manhajar da za ta buɗe zanen da ke cikin clé. Na biyu wata tsohuwar manhaja da ke magana da injin, wadda wanda ya rubuta ta ya daɗe da barinta. Kowace manhaja a wannan tsarin ba ta tsayawa ita kaɗai, tana dogara da wasu ƙananan fakiti, su ma suna dogara da wasu. Shagonmu ba intanet. Sai na taka zuwa Messa, wani cyber, shagon intanet na wata mata da ake kira Madam Odile, in sauke fakiti ɗaya a clé, in hauro gangaren cikin jar laka, in sa a na'ura. Sai ta ce wannan yana bukatar wasu biyu. In koma in kawo biyun, ɗayansu ya ce yana bukatar uku. Intanet ɗin lokacin kana kallon layin saukewa yana rarrafe kamar zai tsaya. Wata rana sau huɗu na yi wannan tafiyar da azumi a bakina. Silifas ɗina ya tsinke a ta uku, na ƙarasa da ƙafa. Abin da ba na mantawa shi ne ƙishirwa cikin ruwa: yana kwarara a fuskata, yana bin leɓena, ni kuwa na datse baki kada ɗigo ya shiga.

Madam Odile ta lura da ni. Ta tambaye ni da Faransanci ko ba ni da lafiya, na ce azumi ne. Injin buga takardunta yana cin takarda, na gyara mata, tun daga ranar ta ware mini kujerar kusurwa da safe kafin ɗalibai su cika wurin.

A shago kuwa an koma aikin hannu. Yaya ya samu aron keken surfani ɗaya wurin wani maƙwabci, amma daga bayan asuba zuwa hantsi kawai, kafin mai shi ya fito. Malam Garba, wani dattijo da ya zo daga Zariya shekarar da ta gabata yana mana aiki, ya ɗauko allura da zare ya zauna bakin ƙofa inda haske yake. Riga ɗaya takan ci masa kwana uku, injin kuwa cikin awa yake gama ta. Anti Rabi, matar Yaya, tana guga da dutsen gawayi, gawayin ma a jiƙe, hayaƙi ya fi wutar yawa. Rufin yana yoyo a wuri biyu, muka sa roba da tukunya, muka lulluɓe kantar da leda. Duk da haka danshi ya shiga, ƙulle-ƙullen da ke jikin bango suka fara funfuna. Kowace safiya Inna takan warware su ɗaya bayan ɗaya ta shanya a igiya cikin ɗaki, ta naɗe kafin la'asar.

Buɗa-baki a gidanmu da can akwai ƙosai da kunun gyaɗa da miya mai nama. A wannan azumin kunun ya tsinke har kana ganin gindin kofi, sukari ya ƙare ranar sha biyu ba a sake saye ba. Inna takan dafa shinkafa tukunya ɗaya, ta yanka bobolo biyu, dafaffen curin rogo, a kai don ya yi auki, a raba wa mutum tara, har da Malam Garba da ba shi da kowa a garin. Sahur ɗumamen abin da ya rage ne, in ya rage. Na sha ganin Inna tana kankare ƙanzo ta ce ta fi son shi. Yaran Yaya sun daina tambayar kayan sallarsu, ba wanda ya hana su, da kansu suka daina. Ni kuwa in na miƙa hannu cikin kwano sai in ji kowa yana kallona, ko da ba wanda ya ɗaga kai.

Kullum bayan magariba Yaya yakan tambaye ni, kullum in ce gobe.

Ranar sha huɗu na gaji da jigila. Na naɗe akwatin na'urar cikin ledar shinkafa biyu, na ɗora a ka na sauka Messa da shi. Sai da muka sha wahala kafin ya gane layin Madam Odile, amma ya gane. Na buga umarni, ya janyo fakiti da kansa, rumbun ya hau, na buɗe clé na ga sunayen zanen Baba a jere a kan allo. Na yi hamdala a fili har wani ɗalibi ya waiwayo. Sai na ce ya ɗora manhajar injin. Ya yi ɗan jim, ya rubuto mini layi uku, kalmar da na riƙe a ciki ita ce conflit, wato saɓani.

Na karanta sau da yawa kafin na yarda da abin da nake gani. Akwai fakiti ɗaya da su biyun suke dogara da shi. Rumbun yana son sabon samfurinsa, manhajar injin ba ta san komai ba sai tsohon. Tsarin kuma ba ya karɓar biyun a wuri ɗaya. In na sa tsohon, zai cire rumbun da wasu abubuwa masu yawa da ban ma san amfaninsu ba. In na bar sabon, injin ba zai ji magana ba. Zanen suna hannuna, injin lafiyarsa lau, waya a tsakaninsu ba ta kai taku uku ba, amma ba hanya.

Kwana uku na yi ina juya abin. Na nemi tsohon rumbu, ya ce yana son wasu tsofaffin fakiti da aka kwashe daga inda suke a intanet. Na gwada gina manhajar injin daga tushenta, tsarin tsirara ya ce ba shi da kayan gini, kayan ginin kuma suka buɗe nasu jerin bukatu. Na cika littafin makaranta da sunaye da lambobi da kibiyoyi. Da rana in na rufe ido farin rubutu nake gani a baƙi. Yunwa takan sa in karanta layi ɗaya sau biyar ban fahimta ba.

Ranar sha bakwai, wajen azahar, na yi abin da na san ba a yi. Akwai umarnin da ke tilasta wa tsarin ya karɓi fakiti ko yana so ko ba ya so. Ya yi mini gargaɗi, ya ce in tabbatar. Na tabbatar. Na ɗora tsohon a kan sabon. Rubutu ya gudana, ya tsaya. Na buga umarni mafi sauƙi, na nuna abin da ke cikin jaka, ya ƙi. Na buga wani, ya ƙi. Ashe tsarin kansa a kan wannan fakitin yake tsaye. Na kashe na kunna, bai tashi ba. Aikin kwana takwas ya tafi cikin minti ɗaya, da hannuna.

Na fita bayan cyber ɗin na tsuguna kusa da kwata, ruwa yana dukan bayana. Ban yi kuka ba. Da na koma gida Yaya ya tambaya, na ce gobe.

Na sake ɗora tsarin daga farko. A kwanakin nan masu kaya suka fara zuwa. Wani ɗan kasuwar Mokolo ya aiko aka kwashe rigunansa duka, ya kai wani shago. Wasu suka yi faɗa, wasu suka zauna a benci suka yi shiru, wanda ya fi faɗan ciwo. Ranar ashirin, Yaya ya tafi neman zare, wata mata ta shigo. Asta sunanta, mutuniyar Garwa, tana soya makala, wato fanke, a bakin hanyar masallaci. Hausarta da karin Fillanci. Ta ce ta zo duba rigar mijinta. Shi ɗan dako ne a Mokolo, bai taɓa mallakar riga mai aiki ba. Ita ta saya masa shaddar, shuɗiya mai sauƙin kuɗi, bai sani ba, tana so ya gan ta ranar salla. Ta ce ta ji ana cewa injinmu ya lalace, in ba za a gama ba in ba ta kayanta yanzu, akwai wani a Ekoudou da ya ce zai karɓa in ta kawo yau.

Ƙullin yana nan a kan kantarmu, hannuna zai iya kaiwa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, za a gama. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Ta yi godiya ta tafi.

Malam Garba yana bakin ƙofa, bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Da ta yi nisa ya ce, a hankali, "Bashiru, ka san abin da ka faɗa mata, ko fata kake yi?"

Na juya na hau gyara kayan da ke kan kanta. Amma da Yaya ya dawo na bi shi bayan shago inda yake alwala, na gaya masa komai: cewa ban rubuta yadda muka haɗa ta ba, cewa na rusa aikin da hannuna kwana uku da suka wuce, cewa ban san ranar da za ta tashi ba, ban ma san ko za ta tashi ba. Ya gama wanke ƙafarsa ta hagu, ya ajiye buta. Yatsunsa sun kumbura da sukar allura.

Ya ce, "Da ka faɗa mini haka ran sha huɗu, da na mayar wa mutane kayansu tun suna da inda za su kai."

Ya wuce masallaci. Daga ranar bai sake tambayata ba, ni kuma na gane tambayar ta fi shirun sauƙi.

Mafitar na same ta ne a wani dandalin tattaunawa, a ƙasan shafi, wani da ban san sunansa ko ƙasarsa ba ya rubuta layi shida shekaru kafin nan. Ya ce kada a yi ƙoƙarin sulhunta su. A keɓe jaka ɗaya cikin sabon tsarin, a zuba ƙaramin tsohon tsari a ciki da duk tsofaffin fakitinsa, a rufe tsohuwar manhaja a nan, ita ba za ta san akwai wani abu a waje ba. Amma sai na sauke tsohon tsarin, shi kuma a layin Madam Odile aikin yini biyu ne. Yinin farko ya kai kusan ƙarshe aka ɗauke wuta, abin da ya sauka ya lalace. Na zauna ina kallon allon da ya mutu. Madam Odile ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in tafi gida in sha ruwa, za ta bar na'ura ɗaya a kunne a kan batirinta, ba wanda zai taɓa. Ta cika alkawari.

Ranar ashirin da biyar, da hantsi, na ɗauko akwatin na hauro da shi. Na haɗa waya, na shiga keɓaɓɓiyar jakar, na kira manhajar injin. Ba ta yi ƙorafi ba. Na tura aska biyu. Injin ya yi ƙara ɗaya, kan ya matsa hagu, allura ta sauka. Anti Rabi ta fito daga hayaƙinta da dutsen guga a hannu, Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Yaya ya miƙo mini riga ta gaba.

Kwana huɗu suka rage, wuta kuma ba kullum ba. Muka yi aiki kamar mahaukata. Ni a allo, Yaya yana ɗaura riga a firam, Malam Garba yana yanke zare, Inna tana naɗi, Anti Rabi tana guga. Ba mai maganar yunwa. Yaya ya ce a bi jerin yadda aka kawo, kada a tsallake kowa don fuska ko don kusanci. Na so in roƙe shi ya sa ta Asta a gaba, amma ita ta kawo a makare, kuma ban ga bakin da zan yi roƙon da shi ba. Ranar jajibiri da azahar aka ɗauke wuta, har la'asar ba ta dawo ba. Ƙulli goma sha ɗaya suka rage a kanta, har da na Asta. Yaya ya sa aka haɗa su a keken ɗinki haka nan, riguna ba aiki, don aƙalla a samu abin sawa. Ya ce shi zai kai wa masu su. Na ce a'a, ni zan kai.

Na zuba su a buhu na bi gida gida cikin yayyafi. Wani ya zage ni har da iyayena. Wata tsohuwa ta ce Allah ya kyauta ta rufe ƙofa. Wani ya yi dariya ya ce dama bai sa rai ba. Na bar ta Asta ta zama ta ƙarshe, ina ta kewaya layinsu har sai da rana ta kusa faɗuwa.

Na same ta tana kwashe kaskonta. Na gaishe ta, na miƙa mata ƙullin. Ta goge hannu a zani, ta warware, ta ɗaga rigar ta wuya. Shuɗiyar shadda, ƙirji fili, ko layi ɗaya na zare babu. Ta daɗe tana kallo. Na fara bayani, wuta, na'ura, jeri, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Sau biyu na tambaye ka."

Na ce haka ne.

Ta naɗe rigar a hankali, yadda ake naɗe abu mai tsada, ta sa ƙarƙashin mayafinta kada ruwa ya taɓa. A lokacin aka kira magariba. Ta duba kwandonta, ta ɗauko makala biyu da suka rage ta sa mini a hannu, don ba a barin mai azumi tsaye, ta ɗauki kaskonta ta shiga gida.

Shagon ya rayu. Bayan salla na zauna na rubuta komai a littafi, layi bayan layi, na ba Yaya ya ajiye. Malam Garba ya koma Zariya kafin wani azumin, idonsa ya raunana. Asta har yanzu tana Birik, 'yarta ce ke suya yanzu, ita tana zaune a gefe. In na wuce nakan gaishe ta, takan amsa da kyau, har ta tambayi Yaya da yara. Ba ta sake kawo mana ɗinki ba.